Manhajar lissafin al'ada da tallan da ke bin mace: abin da ke fita daga waya da abin da dokar Saudiyya ta tanada

A ɗauki misalin matar aure a Shara Mansur, cikin Makka. Wata ya zagayo ba ta yi fashin salla ba. Ba ta gaya wa maigida ba tukuna, balle uwar miji, tana so ta ƙara 'yan kwanaki ta tabbatar. Abu ɗaya ta yi: ta buɗe manhajar da take lissafin kwanakinta, ta taɓa wurin da ke nuna al'ada ta makara. Kafin mako ya fita, tana duba Instagram sai ga tallan tsinken gwajin ciki, can sai na maganin ƙarin jini na masu juna biyu, sai na wani asibitin kuɗi a Jidda. Tambayar da mata kan yi a irin wannan hali ita ce: wayar nan tana sauraronmu ne?

Labarai biyu ne suka ƙara wa tambayar kaifi. A watan Agusta 2025, masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke San Faransisko suka samu kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da laifin karya dokar sirri ta jihar Kalifoniya, saboda karɓar bayanan mata masu amfani da manhajar lissafin al'ada mai suna Flo ba da yardarsu ba. Kafin nan, tun 14 ga Satumba 2024 wa'adin da Saudiyya ta bai wa kamfanoni ya cika, dokarta ta kare bayanan mutum ta fara aiki gadan-gadan. Masu jin labarin farko suna cewa a goge manhajar kawai. Masu jin na biyu suna cewa ai doka ta riga ta tsare mu. Kowanne akwai inda ya dace, akwai inda ya kauce.

Me ya sa lissafin ya zama dole

Ga Baturiya, manhajar al'ada kayan kula da lafiya ce ko na tsara haihuwa. Ga Bahaushiya a ƙasar nan ta wuce haka, domin ibada ta rataya a kan ƙirgen. Da shi ake sanin azumin da za a rama, da shi ake ƙirga idda, da shi mace ke zaɓar ranar da za ta nemi izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, da shi kuma alhajiya ke yanke shawarar ko za ta sha maganin jinkirta jini don kada ɗawafin ifada ya kuɓuce mata kafin jirgi ya tashi.

Akwai kuma bambancin mazhaba, wanda duk mai zaune tsakanin karatun gida da fatawar nan ta san shi. A mashahurin zancen Malikiyya, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne, kuma mai al'ada sananniya kan ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon kwanakinta matuƙar ba ta haura 15 ba. A Hambaliyya mafi ƙarancin tsarkin kwana 13 ne. Wadda jininta ke wasa tana bukatar rubutaccen tarihi kafin ta je wa malama da tambaya. Shi ya sa shawarar "ki daina lissafi a waya" ba ta cika karɓuwa ba: abin yana da amfani na gaske.

Sai dai manhajar ba ta tsaya a kwanan wata ba. Tana tambayar nauyi, ciwon mara, yanayin zuciya, ranar da aka kusanci miji, ko ana shan maganin tazara, ko ana neman haihuwa, ko an yi ɓari. Abin da mace ba za ta faɗa wa 'yar uwarta ta jini ba, sai ta rubuta shi a nan saboda tana ganin daga ita sai wayarta.

Yadda bayani ke fita

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne lambar talla. Kowace wayar Android ko iPhone tana da wata doguwar lamba da aka ware don masu talla. Ba sunanki ba ne, ba kuma lambar layinki ba ce, amma duk manhajar da aka bai wa dama lamba ɗaya take gani. Idan manhajar al'ada ta ce mai lamba kaza ta shiga makon ciki na shida, Facebook kuma ya san mai wannan lamba ita ce mai shafi kaza, to an haɗa. Wannan ne ya sa alkawarin "ba ma bayar da sunanki" bai kai yadda ake zato ba.

Na biyu shi ne abin da masu harkar ke kira SDK. Mai ƙera manhaja ba ya gina komai da kansa. Yakan ɗauko guntun shiri na Google ko Meta ko wani kamfanin ƙididdiga ya dasa a cikin nasa, don ya san mutum nawa suka buɗe, ina manhajar ke tsayawa, wane talla ne ya kawo sabuwar mai amfani. Kamar ɗan haya ne da aka ba ɗaki a zaure: gidan ba nasa ba ne, amma duk mai shiga da fita a gabansa yake wucewa. Duk lokacin da aka taɓa wani wuri, manhajar tana aika wa ɗan hayan nan gajeren saƙo mai suna. Idan sunan saƙon "an buɗe shafi na 4" ne, da sauƙi. A shari'ar Flo an nuna akwai saƙon da sunansa ke nufin "an zaɓi makon ciki", wato sunan kaɗai ya tona zancen.

Na uku gwanjo ne. A ƙiftawar ido kafin talla ya bayyana a fuskar waya, ana aika wa masu saye da yawa bayanin mai wayar a taƙaice, wurinta da irin wayarta da rukunin da aka jefa ta, kowa ya yi tayi, mai tsada ya ɗauka. Waɗanda ba su ci gwanjon ba su ma sun ga bayanin. A gefe kuma akwai dillalan bayanai, kamfanonin da sana'arsu ke nan su tattaro daga nan da can su haɗa su sayar.

Mai juna biyu ita ce haja mafi tsada a wannan kasuwa, domin lokaci ne da sayayyar gida ke canzawa gaba ɗaya, kuma madarar da aka fara da ita galibi da ita ake ci gaba. Wani rahoto na cibiyar Minderoo ta Jami'ar Kambirij da ya fito a Yuni 2025 ya ce ana kimanta bayanin ciki ya fi bayanin shekaru ko jinsi ko wurin zama daraja sama da sau 200 a wurin masu talla.

To wayar tana sauraro? Shari'o'in da aka yi kan waɗannan manhajoji ba su ginu a kan naɗar hirar baki ba. Ko a shari'ar Meta, inda aka kira laifin "satar sauraro", ana nufin abin da mata suka shigar cikin manhajar da yatsunsu. Kuma adalci ne a ce ba kowane tallan jarirai ne ya fito daga manhajar al'ada ba. Binciken "alamomin shigar ciki" a Google, kallon bidiyo uku a jere kan laulayi a TikTok, sayen tsinken gwaji da katin tara maki a saidaliyya, wato kantin magani, duk suna iya jawo shi. Tun 2012 jaridar New York Times ta bayyana yadda kantin Target na Amurka ke hasashen ciki daga kayan da mace ke saye kawai, tun kafin waɗannan manhajoji su yaɗu.

Abin da aka riga aka tabbatar

A Fabrairu 2019 jaridar Wall Street Journal ta gwada manhajoji da dama, ta gano Flo na sanar da Facebook lokacin da mai amfani ke al'ada ko take neman ciki. A Satumbar shekarar, ƙungiyar Privacy International ta Landan ta nuna irin haka game da manhajojin Maya da MIA. A Janairu 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta zargi Flo da miƙa bayanan lafiya ga Facebook da Google da kamfanonin ƙididdiga AppsFlyer da Flurry alhali ya yi wa mata alkawarin sirri. An sasanta: Flo bai amsa laifi ba, amma an wajabta masa sanar da matan da abin ya shafa, da umartar waɗancan kamfanoni su goge abin da suka karɓa, da neman yarda kafin ya sake raba bayanin lafiya. A Mayu 2023 hukumar ta kama wata manhajar irin wannan mai suna Premom da aika bayanai ga Google da AppsFlyer da wasu kamfanoni biyu na Sin, aka ci tarar kamfanin dala 100,000, da wata 100,000 ga jihohin da suka shiga ƙarar.

Shari'ar San Faransisko ta shafi bayanan tsakanin Nuwamba 2016 da Fabrairu 2019. Google da Flo sun sasanta da masu ƙara kan jimillar dala miliyan 56 ba tare da amsa laifi ba. Meta ya tsaya aka kai ƙarshe, ya faɗi, ya kuma ce bai yarda da hukuncin ba. Abin lura shi ne wannan karon mai karɓar bayanin aka kama, ba mai aikawa kaɗai ba.

Akwai wani labari da ya fi kusa da mu. A Nuwamba 2020 aka ruwaito cewa bayanan wurin masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan salla da alƙibla, suna zuwa wurin wani dillali mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. Ya dace a tuna da shi saboda yanzu akwai manhajojin al'ada da ake tallatawa da sunan na mata Musulmi, masu lissafin haila da tsarki bisa mazhaba. Sunan addini a jikin manhaja bai nuna ko akwai ɗan haya a zaurenta ko babu ba. Takardar sirrinta ce kawai za ta nuna.

Inda aka saɓa

Kamfanonin suna da hujjojinsu. Flo ya ce bai taɓa sayar da bayani ba, kuma a 2022, bayan kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da ya ba da 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, ya fito da tsarin amfani ba suna ba adireshin imel. Manhajar Clue, wadda ke Balin, tana kafa hujja da cewa tana ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai tsauri. Meta yana cewa ƙa'idarsa ta hana masu manhaja aiko masa da bayanin lafiya, yana da matata mai tace shi, kuma a Janairu 2022 ya cire zaɓin kai talla bisa wasu rukunan lafiya da addini. Suna kuma cewa manhajar kyauta sai da abin da zai ɗauki nauyinta, kuma bayanan da aka tara sun taimaka wa binciken lafiyar mata, fagen da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba kamfanoni kaɗai ke ganin an zuzuta ba. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta duba waɗannan manhajoji daga Satumba 2023, a farkon 2024 ta ce ba ta ga babban karya doka ko shaidar cutarwa ba, ko da yake ta nemi su gyara yadda suke bayani da neman yarda. Amma a ƙuri'ar jin ra'ayi da hukumar ta yi, fiye da rabin masu amfani sun ce tallan jarirai ko na haihuwa ya ƙaru musu bayan rajista, kashi 17 cikin 100 kuma sun ce tallan ya sosa musu rai.

Masu suka suna cewa "ba ma sayarwa" wasa da kalma ne, tunda ana iya miƙa bayani a musanya da hidima ba tare da kuɗi ya shiga hannu ba. Gidauniyar Mozilla ta duba manhajoji da na'urori 25 na wannan fanni a Agusta 2022, ta sa wa 18 alamar gargaɗi. Hujjarsu mafi ƙarfi dai ita ce tarihi: abin da aka gano a 2019 'yan jarida da masu bincike ne suka tono shi, kamfani bai zo da kansa ya faɗa ba, kuma mai amfani ba ta da hanyar leƙa abin da ke fita daga wayarta. Idan aka auna, manyan manhajoji sun fi yadda suke a 2019 kiyayewa saboda idon duniya na kansu. Haɗarin ya fi yawa a ƙananan manhajojin kyauta da ba a san masu su ba, waɗanda talla ke cika fuskarsu.

Abin da dokar Saudiyya ta ce

Sunanta Nizamu Himayatil Bayanatish Shakhsiyya. An fitar da ita da dokar sarauta mai lamba M/19 a Satumba 2021, aka yi mata gyara a Maris 2023, ta fara aiki 14 ga Satumba 2023 da wa'adin shekara guda na shiri. Hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, SDAIA, wadda ake kira Sadaya, ita ke kula da ita.

Dokar ta sa bayanin lafiya cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri, tare da na aƙida da asalin ƙabila da ƙwayoyin gado. Idan da yarda za a yi aiki da irinsu, sai yarda bayyananna. Kamfani ba zai fake da cewa maslaharsa ce ta sa ba. Abin da ya fi shafar zancenmu: dokar ta halatta amfani da bayanan mutum don talla idan ya yarda, amma ta cire masu tsananin sirri daga wannan halaccin. Wato a rubuce, ba a tallata wa mace kaya da tarihin hailarta ko cikinta.

Kariyar ta mazauna ƙasar ce, ba 'yan ƙasa kaɗai ba, kuma ta hau kan kamfanin da ke waje matuƙar yana sarrafa bayanan mazauna. Mace na da haƙƙin sanin abin da aka tara a kanta, ta nemi kwafi, ta nemi gyara, ta janye yarda, ta nemi a goge. Wanda ya fallasa bayani mai tsananin sirri don cutarwa ko don amfanin kansa yana iya fuskantar ɗauri har shekara 2 ko tara har riyal miliyan 3, ko duka biyun. Sauran laifuffuka tararsu na iya kaiwa riyal miliyan 5, a kuma ninka ga mai maimaitawa. Ana kai ƙorafi ta dandalin Sadaya na intanet, cikin kwana 90.

Gibin yana wurin aiwatarwa. Kamfanin da ba shi da ofis ko kadara a Riyad, cin tararsa ba ƙaramin aiki ba ne. Hasashe kuma yana da wuyar kamawa: idan tsarin talla ya gano ciki daga bidiyon da aka kalla, ba daga manhajar lafiya ba, tabbatar da cewa an yi amfani da bayanin lafiya sai an kai ruwa rana. Sannan ƙorafi yana bukatar mai ƙorafi ta bayyana kanta ga hukuma. 'Yar ƙasa mai laƙabin Hausawi ko mai iƙama a hannu za ta iya. Wadda takardunta ba su cika ba, ko 'yar shagala da ke tsoron kafilinta, da wuya ta ɗauki maganar jinin al'adarta ta kai gaban hukuma. Wadda ta zo umara daga Kano ko Sakkwato kuwa, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta sa lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, can ce ƙofarta ta kusa.

Inda abin ke ciwo a gidajenmu

A Amurka, babban tsoro shi ne a yi amfani da tarihin al'ada a matsayin shaida a kotu. A gidajen Hausawan Makka da Jidda da Madina, abin da ya fi kusa shi ne fallasa a tsakar gida. Ƙaramin ciki ba a shelarsa, musamman na fari, saboda kunya da kuma gudun baki. Amma waya ba ta mutum ɗaya ba ce: yara na kallon YouTube da ita, ƙanwar miji ta ara ta kira, asusun Google ɗaya na kan wayar miji da ta mata da talabijin ɗin falo. Tallan da aka nufi mace ɗaya da shi yana iya bayyana gaban wanda ba ta shirya faɗa masa ba, har da abokiyar zama.

Akwai wadda ta yi ɓari, tsarin talla bai sani ba, ya ci gaba da ƙirga mata watanni yana nuno mata kayan jarirai har lokacin da da ta haihu. Akwai wadda ta shekara biyar tana neman haihuwa, wadda da zarar an jefa ta wannan rukuni sai masu maganin da ba a san asalinsa ba su yi mata caa. Akwai budurwar da likita ya ce ta riƙa lissafi saboda al'adarta ba ta daidaita, tallan gwajin ciki ya bayyana a wayarta gaban mahaifiya, a fassara shi yadda ba haka ba. Mai aiki a gidan wasu da ke kan intanet ɗin gidan, ko wadda uwar ɗakinta ce ta saya mata wayar ta buɗe mata asusun, sirrinta ya fi na kowa rauni.

Abin da ke hannun mai waya

Tambaya mafi amfani kafin sauke manhaja ita ce ina bayanin zai zauna, cikin wayar ko a rumbun kamfani. Manhajojin Euki da Drip suna ajiye komai a kan waya, ba sa neman rajista. Illarsu ita ce idan wayar ta ɓace, tarihin ya tafi da ita. Lissafin al'ada da ke cikin manhajar lafiya ta iPhone yana kulle ta yadda Apple ba ya iya karantawa, muddin akwai lambar buɗe waya kuma an kunna tabbaci mai mataki biyu. A iPhone, tun fitowar tsarin iOS 14.5 a Afrilu 2021, manhaja ba ta samun lambar talla sai ta nemi izini, kuma ana iya cewa a'a. A Android ana iya goge lambar gaba ɗaya daga saitin Google, sashen talla. Rajista ta maɓallin Facebook ko Google tana haɗa asusun biyu tun ranar farko. Manhajar ƙirga kwanaki ba ta bukatar sanin wurin da ake, ba ta bukatar lambobin mutane. Littafin aljihu da biro kuma har yanzu suna isar da lissafin idda da ramuwa, tunda tsarki a fiƙihu da farar kumfa ko bushewa ake gane shi, hasashen manhaja ba ya cikin alamomin.

Wadda ta yanke shawarar rabuwa da manhaja ta kula da tsarin: cire ta daga waya ba ya goge abin da ke rumbun kamfani. A fara kwafe kwanakin da ake bukata, a shiga saiti a nemi goge asusun da bayanansa, a ajiye saƙon tabbaci, sannan a cire. Idan babu maɓallin gogewa, a rubuta wa adireshin da ke cikin takardar sirrin, a ambaci cewa ana zaune a Saudiyya. Ƙa'idojin dokar sun bai wa kamfani kwana 30 ya amsa, da damar ƙarin wasu 30 a wasu halaye. Abin da ya riga ya wuce hannun kamfani na uku kuwa, wannan buƙata ba ta tabbatar da ya dawo, don haka a cikin saƙon a nemi su bayyana waɗanda suka bai wa bayanin, su kuma isar musu da umarnin gogewa.